Gigin tsufa: suna ɗaya, ciwo uku

Ranar Talata Gwaggo ta ƙirga kuɗin adashinta da kanta, har ta kama jikarta da kuskuren naira ɗari biyu. Ranar Alhamis da daddare ta fara kiran mijinta, wanda ya rasu shekara goma sha tara da suka wuce, tana cewa a shimfiɗa masa tabarma, ga shi nan tsaye a bakin ƙofa. Ta tuge ɗankwalinta, tana ta kakkaɓe zaninta wai kiyashi sun cika shi. Da gari ya waye sai ta yi lamo, ba ci ba magana, ido a lumshe. Magariba na yi abin ya dawo sabo. Kafin Asabar gidan ya gama yanke hukunci, kuma babu wanda ya musa: "Ai gigin tsufa ne, sai haƙuri." Ta haura tamanin, to me ake jira? Aka kawo rubutu, aka yi tofi, aka hana yara shiga ɗakin.

Ran Lahadi wata jikarta ma'aikaciyar jinya ta zo gaisuwa. Ta taɓa wuyanta, ta duba harshenta, ta juya ta ce da matan gidan, "Yaushe rabon Gwaggo da fitsari?" Aka yi tsuru-tsuru. Yarinyar da ke kwana a ɗakin ce ta ce tun jiya da safe, shi ma kaɗan, ja wur, ga wari. Ashe bazara ce ta tsananta, ita kuma tsohuwar ta rage shan ruwa da gangan, don kada ta riƙa tashin yarinyar cikin dare ta raka ta bayan gida. A asibiti aka gano ƙwayoyin cuta sun shiga mafitsararta, jikinta kuma ya bushe. Aka yi mata ƙarin ruwa, aka ɗora ta kan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kwana biyar tsakani ta buɗe ido ta tambayi wa ya ɗauki kwasar adashi ta wannan makon. Ta ƙara shekara huɗu a duniya da hankalinta garau.

Tun daga lokacin nake jin tsoron wannan kalma ta "gigin tsufa". Buhu ce da muke zuba duk abin da ya taɓa hankalin tsoho a ciki, mu ɗaure bakin, mu jingine a lungu. Alhali aƙalla ciwo uku ne mabambanta a cikin buhun. Ɗaya yana warkewa cikin kwanaki idan an yi hanzari, yana kuma kisa idan an yi sakaci. Ɗaya yana jin magani cikin makonni ko watanni. Na ukun ne kaɗai ba ya warkewa, shi ma akwai abin yi mai yawa a kansa. Abin da ya fi saurin raba su tambaya ce ɗaya: yaushe abin ya fara, kuma da wane irin gudu?

Abin da ya sami Gwaggo shi ne na farko, ruɗewar farat ɗaya, wadda likitoci ke kira diliriyam. Cikin awoyi ko 'yan kwanaki take saukowa. Mutum ya kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, yanzu ya gane ka anjima ya ɓata, ya riƙa ganin abin da babu shi, dare ya zame masa rana. Asalin ciwon galibi yana wani wuri a jiki, ƙwaƙwalwa ƙara kawai take kaiwa. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon haƙarƙari, cutar mafitsara, bushewar jiki, suga ya hau ko ya faɗi, fitsari ya toshe wa dattijo, kai har rashin bayan gida na kwanaki yana kawo ta. Abin da ke yaudarar mutane shi ne jikin tsoho sau da yawa ba ya yin zafi ko da cuta ta kama shi, ruɗewar ce kawai alamar. Akwai kuma mai shiru, wadda tsoho zai kwanta kawai ya yi lakwas. Ita ta fi haɗari, don babu wanda take damu, sai a ce ai hutawa yake yi.

Magunguna ma suna da hannu dumu-dumu. Hanta da ƙodar ɗan shekara tamanin ba sa tace magani kamar na ɗan talatin. Maganin barci irin su diyazifam, da wasu magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi, sun isa su birkita tsoho. A gidajenmu kuwa kowane ɗa da ya zo duba Baba da ledar maganinsa yake zuwa: wannan daga kemis, wannan daga wani likita a Abuja, wancan jiƙo ne daga ƙauye, duk a haɗa masa.

Na biyun ya fi ɓuya, domin yana kama da halin kirki. Ciwon damuwa ne. Tsoho ya rage magana, ya daina fita majalisa, a kawo tuwo ya ci loma biyu ya ture, ya farka tun kafin assalatu ya kasa komawa. Ka ce, "Baba, yaya jiki?" ya ce, "Alhamdu lillahi, mu ai jiran lokaci muke yi." Sai mu ce Baba ya koma ga Allah, ya saki duniya. Wani sa'in haka ne. Wani sa'in kuwa ciwo ne yake cinsa. Bahaushen da ya manyanta ba zai ce maka yana baƙin ciki ba, kunya da gudun a ce ya yi wa Allah butulci ba za su bar shi ba. Da jiki yake faɗa: kaina na zafi, ƙirjina ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikina, gaɓoɓina duk sun mutu. A kai shi asibiti a auna, a ce ba a ga komai ba, a rubuta masa maganin zazzaɓi da na ƙarin jini. Wata biyu ya dawo da kukan nan dai.

Abin ba kaɗan ba ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 60 suna fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da fargaba ne a kan gaba. A nan gida, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun bi tsofaffi fiye da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarabawa, suka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2007: kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa faɗawa matsanancin ciwon damuwa a rayuwarsa, kusan kashi 7 cikin 100 kuma a cikin shekarar da aka yi binciken. Wannan a al'ummar da ita ma take alfahari da girmama manya kamar tamu. Ke nan durƙuso da "ranka ya daɗe" ba rigakafi ba ne.

Idan ka duba rayuwar tsohon yau ba za ka yi mamaki ba. A gidan gandu na da, tsohuwa tana da aiki har ƙarshen ranta. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke wankan jariri, ita ke yaye, ita ke riƙe sirrin wane ne ɗan wane, ita ke raba gardamar kishiyoyi, da dare jikoki su kewaye ta don tatsuniya. Yanzu kowane ɗa ya gina nasa ya ja ƙofa, haihuwa ta koma asibiti, jikoki suna makaranta da safe, Islamiyya da yamma, waya da dare. Muka ware mata ɗaki mai tayil da fanka, muka ce, "Hajiya ki huta, kin gama naki." Da kyakkyawar niyya muka sauke ta daga kan aikinta. Namiji kuma majalisarsa ce ke zaizayewa: bana an kai wane, baɗi an kai wane, har tabarmar ƙofar gida ta rage shi kaɗai. Idan ma'aikaci ne ga fansho da ba ya isa cefane, ga layin tantancewa a rana. Idan matarsa ta riga shi, wadda ta san yadda yake son kununsa shekara hamsin, sau da yawa ba ya daɗewa yake karyewa. Mace kuma ta fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma, 'yan gaisuwa sun watse, kowa ya ɗauka ta warware, alhali a lokacin ne ɗakin yake mata faɗi.

Sai ka ƙara da waɗanda rashin tsaro ya tumɓuke. A Disambar 2020 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto kan tsofaffin Arewa maso Gabas, inda ta nuna yadda da yawansu suka kasa gudu lokacin da aka auka wa garuruwansu, waɗanda suka tsira kuma ana mantawa da su wajen rabon tallafi a sansani. Haka lamarin yake a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Dattijon da bai taɓa kwana bakwai a wajen garinsu ba, yau yana kango a gefen birni, gonarsa da kabarin iyayensa suna inda ba ya iya zuwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wa'azin da ake yi wa irin wannan tsoho. "Haba Baba, kai da za ka ba mu haƙuri? Ina tawakkalin?" Sai ya haɗiye, ya ƙara wa ciwonsa nauyin laifi. Alhali Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma babu mai cewa imaninsa ne ya yi rauni. Ciwon damuwa yana jin magani ko a shekara tamanin, da ƙwayoyi na zamani da kuma zaman tattaunawa da wanda ya iya. Yana ma iya shigar burtu ya fito kamar mantuwa, don mai damuwa ba ya iya tara hankali. Bambancin da likitoci ke lura da shi yana da ban sha'awa: mai damuwa shi ke kukan mantuwa, ka tambaye shi yau wace rana ya ce "oho, ban sani ba", bai ko gwada ba. Mai cutar mantuwa ta gaske kuwa yakan ce lafiyarsa ƙalau, ya ba ka amsa da ƙarfin gwiwa, amsar kuma ba daidai ba.

To ga na ukun, wanda shi ne ainihin abin da kakanninmu suka raɗa wa gigin tsufa. Cutar mantuwa a hankali take tafiya, shekara da shekaru, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna mutuwa. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906, kuma shi ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu cutar. Wani nau'in daga toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa yake zuwa, ɗan'uwan shanyewar ɓarin jiki ne, kuma hawan jini da ciwon suga ne ke share masa hanya. Mutum fiye da miliyan 55 ke ɗauke da cutar a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma kusan miliyan 10 ke ƙaruwa duk shekara. Tsufa yana ƙara haɗarinta, amma tsufa da kansa ba ya kawo ta. Kowa ya san ɗan shekara casa'in da ke jan baƙi a masallaci ba gargada. Mantuwar yau da kullum daban take: ka manta inda ka ajiye carbi, anjima ka tuna. Mai cutar zai riƙe buta ya rasa me ake yi da ita, ya ɓata a hanyar masallacin da ya yi shekara arba'in yana bi, ya yi sallar la'asar sau uku.

Yadda cutar ke cin tunani shi ne tushen fitintinun da take haddasawa a gida. Sabon abu ne ke fara gogewa, tsohon yana nan daram. Inna za ta rera maka waƙar da aka yi mata ranar kai ta ɗakin miji, ta lissafa maka ƙawayenta na dandali, amma ba ta san ta ci abinci minti goma da suka wuce ba. Sai ɗanta ya dawo daga kasuwa ya shiga gaishe ta, ta kama hannunsa ta ce, "Yau ko ruwa matarka ba ta ba ni ba." Ba ƙarya take yi ba, a wurinta gaskiya ce tsantsa. Shi kuma ya ga uwarsa tana magana tiryan-tiryan, ta ma tuna sunan kakansa, yaya za a ce ba ta cikin hayyacinta? Ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla, ta manta, ta ce 'yar aiki ce ta sace, ko jika. An doki yara a kan wannan. Aure ya mutu a kan wannan. Na san gidan da aka saki mace da 'ya'ya biyar, bayan rasuwar uwar mijin aka tarar da kuɗin duka a ƙulle cikin tsumma a bayan adaka, har da takardun da aka daina karɓa.

Akwai kuma abin da ke faruwa da faɗuwar rana. Masu wannan cuta da yawa sun fi rikicewa daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba: gajiya ta taru, haske ya ragu, inuwa ta fara kama da mutum. Likitoci a ko'ina cikin duniya sun san wannan. Mu kuwa magariba lokaci ne da tun muna yara ake kora mu cikin gida don iskoki. Saboda haka tsohuwa na fara ɗaure kayanta da magariba tana cewa za ta tafi gida, fassara ta riga ta samu. Gidan da take nufi shi ne na ubanta, wanda wataƙila an rushe shi tun kafin a haife mu. Idan ta sami ƙofa a buɗe sai ta fita. A nan ake samun cigiyar da muke ji a rediyo ko muke gani a Facebook: tsohuwa sanye da atamfa kaza, ba ta da cikakkiyar lafiya.

Mai sa'a a tsince ta a kai gidan mai unguwa. Marar sa'a ta faɗa unguwar da ba a san ta ba, cikin dare, ba mayafi, tana sambatu, ta kutsa gidan da akwai yaro marar lafiya. Kafin ka ce kwabo an ce mayya ce. A tsare ta da tambaya, "Ke kika kama kurwarsa?" Mai cutar mantuwa takan amsa duk abin da aka sa mata a baki, don ta rabu da hayaniyar da ba ta fahimta. Sai a ce ai ga shi ta yi iƙirari, a sa ta tsallaka yaron, wani lokaci abin ya wuce nan. A arewacin Gana har matsugunai ake da su, irin na Gambaga da Kukuo, inda matan da aka kora da sunan maita suke fakewa, akasarinsu tsofaffi da zawarawa. A Yulin 2020 aka kashe wata mai shekara 90 da duka a Kafaba, a bainar jama'a, ana ɗauka da waya. Ban ce duk wadda aka zarga tana da cutar mantuwa ba. Amma ka lura da wa ake zarga: tsohuwa, matalauciya, wadda ba ta da ɗa namiji tsayayye. Uwar attajiri idan ta rikice gigin tsufa ne, uwar talaka ce mayya.

Abin mamaki, addininmu ya riga likitoci ba wa wannan hali suna. A Suratun Nahli da Suratul Hajji an ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya zama bai san komai ba bayan da ya sani, kuma Annabi (SAW) ya kasance yana neman tsari daga kaiwa wannan matsayi. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Saboda haka tsohon da ya kai wannan hali ba abin tsangwama ba ne don ya sha ruwa da rana cikin azumi, ko ya yi sallama a raka'a ta biyu. Hana shi ruwan ma yana iya jefa shi cikin waccan ruɗewa ta farko, a kan wadda yake ciki.

Yanzu wa ke ɗauke da wannan kaya? Mukan bugi ƙirji mu ce mu ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu kamar Turawa. Gaskiya ne, kuma abin a yaba ne. Amma idan ka ce "iyali suna kula da ita", leƙa ka gani, mutum ɗaya ce: matar ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko jikar da aka cire daga makaranta. Ita ke wanke kashi da fitsari, ita ke kwana ido biyu, ita kuma ake zagi da sata. Maza suna turo kuɗi ta waya, su zo ran Juma'a su yi minti ashirin, su ce ai Inna ta rame. Ba a taɓa tambayar mai jinyar yaushe rabonta da barci. Idan ta gaji, abin da ke biyo baya sananne ne: kwaɗo a ƙofa, ko ɗaure ƙafa da zani, ko ƙwayar barci daga kemis a cikin kunu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin tsofaffi shida yana fuskantar wani nau'in cin zarafi, kuma sau da yawa daga masu kula da shi ne. Ban yarda yawancinsu mugaye ba ne. Mutane ne da aka sakar wa jinka su ɗauka da hannu ɗaya.

Dabarun da ke sauƙaƙa zaman ba su da tsada, sai dai suna karo da yadda muka saba. Mun saba gyara wa mutum kuskure, a nan kuwa gardama ba ta da amfani. Idan ta ce ina Malam, aka ce mata ai ya rasu tun tuni, sabuwar mutuwa aka yi mata, za ta yi kuka kamar yau aka yi, gobe ta sake tambaya. Gara a ce, "Inna, kin tuna shi ke nan? Ba ni labarin zuwanku Makka." Idan ta ce an sace kuɗi, a ce mu duba tare, kuma a san maɓoyarta. A kunna fitila tun kafin duhu ya shigo. A bar mata ɗakinta da kayanta yadda ta san su, yawo da ita gidan wannan ɗa wata guda, gidan wancan wata guda, da sunan adalci, ƙara rikita ta yake yi. A ba hannunta aiki: tsintar wake, ɓarar gyaɗa, ninke kaya. Karatun da ta haddace tun tana yarinya da waƙoƙin da yakan zauna har kusan ƙarshe, kuma yana kwantar mata da hankali. A ɗinke takarda mai lambar waya a jikin rigarta, a kuma daina ɓoye wa maƙwabta, don mai shagon bakin layi da ya sani shi zai tare ta. Maganar gona da gida da kuɗin banki a zauna a kanta tun tana gane mutane, a gaban shaidu, kafin wani ya lallaɓo da takarda ya dangwala mata yatsa. Magani irin donefezil yakan ɗan rage wa wasu alamun na wani lokaci, amma ba ya tsayar da cutar. Magungunan kwantar da masu taɓin hankali kuwa suna ƙara wa mai cutar mantuwa haɗarin shanyewar jiki da mutuwa, shi ya sa likitan kirki kaɗan yake bayarwa, na ɗan lokaci, in ta kama dole.

Ta fuskar hukuma, takarda ta yi gaba, aiki yana baya. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 mai tushe tun 1916. An kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, ta fara aiki a 2021. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma kullum ficewa suke yi. Cibiyar farko ta lafiyar tsofaffi sai a 2012 aka buɗe ta, a asibitin koyarwa na Ibadan. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau, amma wane ɗa ne zai yarda a ce ya kai uwarsa Dawanau? Sunan kaɗai ya isa dangi su yi masa taro. Shi ya sa nake ganin gina ƙarin manyan asibitoci ba zai kai ga Inna ba. Inda take zuwa shi ne ƙaramin asibitin unguwa, wurin awon hawan jini, kuma ma'aikacin da ke can shi ya kamata a koya wa raba ciwon nan uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin irin wannan horo tun 2008. Tunanin ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan: a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowa da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin mutane. A Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, gwajin da aka buga a 2016 ya nuna abin yana aiki. Tsofaffin da muka ce su huta, can su ne maganin.

Wani bincike da aka faro a 1992 ya kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka a birnin Indiyanafolis, aka ga cutar mantuwa ta fi ƙaranci sosai a Ibadan. Cikin dalilan da masu binciken suka karkata gare su akwai ƙarancin hawan jini da suga da kitsen jini a wurin mutanen Ibadan na wancan lokaci. Wannan rata ba gadonmu ba ce, cimarmu da zamanmu sun canza. Kwamitin masana na Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar, kuma ana iya taɓa su: hawan jini, suga, taba, ƙiba, rashin motsa jiki, buguwar kai, rashin karatu tun ƙuruciya, kaɗaici, da sauransu. Biyu daga ciki sun tsaya mini, raunin ji da raunin gani. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi yakan janye daga hira don ya gaji da cewa "na'am?", mu kuma mu gaji da ɗaga murya, sai a bar shi. Wani dattin kunne ne kawai ya toshe, wani yanar ido ce da aikin rabin awa zai cire. Hawan jinin da ke lalata ƙwaƙwalwa a shekara saba'in kuwa tun a arba'in yake fara ɓarna, lokacin da mai shi ke cewa ya daina shan magani don ya ji sauƙi.

Ranar da aka kai Gwaggo asibiti, babban ɗanta ne ya shiga wurin likita, shi ne mai Turanci, shi ne mai biyan kuɗi. Likita ya tambaye shi yaushe abin ya fara, ya ce ai ta daɗe tana 'yan mantuwa. Wane magani take sha? Ya ce zai buga waya gida. Tana cin abinci? Ya ce yana jin tana ci. Likitan ya ajiye biro ya ce, "Alhaji, wa ke kwana da ita?" Sai da aka koma da mota aka ɗauko yarinyar, 'yar shekara goma sha huɗu, da ledar magungunan a hannunta. Ita ta ce daren Alhamis ne, bayan isha'i, kuma ran Talata Gwaggo ta ƙirga kuɗinta daidai.